Me ya sa kwafin saƙonnin imel ke ƙin buɗuwa a ranar da ake buƙatarsa?

A daminar bara kwamfutata ta fara nauyi, sai na kai ta wurin mai gyara. Ya duba ya ce sai an goge komai an sake ɗora mata Windows. Kafin ya fara, na nemo fayil ɗin da na ga yana ɗauke da sunan adireshin imel ɗina, na kwafe shi a filashi, hankalina kwance.

Bayan kwana biyu da na karɓo ta, Outlook ya ƙi buɗe fayil ɗin. A cikinsa akwai saƙonnin wani tsohon adireshi na wurin aiki da aka riga aka rufe, har da wanda edita ya amince da kuɗin wasu rahotanni da ba a kai ga biya na ba.

Daga baya na gane kuskuren nawa ne. Ga wuraren da aka fi yin tuntuɓe wajen adana saƙonni daga manhajar imel ta kwamfuta, da yadda za a kauce musu.

Fara sanin inda saƙonninka suke

Manyan hanyoyi biyu da manhaja ke karɓo saƙo su ne POP da IMAP. POP yana sauko da saƙon cikin kwamfutarka, kuma idan an saita shi haka, yana goge shi daga sabar kamfanin imel. Ke nan wanda ke kwamfutarka na iya zama shi kaɗai ya rage a duniya.

IMAP kuwa kamar madubi yake. Ainihin saƙon yana kan saba, abin da ka goge a waya zai ɓace a kwamfuta. Saboda haka ganin saƙo a wurare biyu ba ya nufin kana da ajiyar ko-ta-kwana.

Fayil biyu masu kama da juna

Outlook na asali yana amfani da fayil iri biyu, PST da OST. PST ana iya ɗaukarsa a buɗe a wata kwamfutar. OST kuwa a ɗaure yake da asusun da ya samar da shi, Outlook ba ya karɓarsa a wani wuri. Tun daga Outlook 2013, asusun IMAP yana ajiye saƙonninsa ne a OST, kuma shi na kwafa.

Abin da ya kamata na yi shi ne na shiga File, sannan Open & Export, sannan Import/Export, na zaɓi fitar da saƙonnin zuwa PST, na kuma tabbatar an haɗa da ƙananan foldoji. Duk mai shirin barin aiki, idan dokar wurin ta ba shi dama, ya yi wannan tun kafin a rufe masa adireshi.

Kwafi ya fito amma babu tsofaffin saƙonni

Outlook yana fitar da abin da ke cikin kwamfutar ne kawai. A saitin asusu akwai wurin da ake ƙayyade tsawon lokacin saƙonnin da zai sauko da su, kuma sau da yawa za ka tarar yana kan shekara ɗaya. Mayar da shi kan All, ka bar shi ya gama saukewa, sannan ka fitar. Wannan yana cin data, gara a yi shi inda akwai intanet mai ƙarfi.

Fayil ya ƙi kwafuwa

Idan Windows ya ce wata manhaja ta kulle wani ɓangare na fayil ɗin, to Outlook bai mutu ba, ko da ka rufe shafinsa. Buɗe Task Manager ka kashe shi, ko ka sake kunna kwamfutar ka kwafa kafin ka buɗe imel.

Idan kuma aka ce fayil ya yi girma alhali akwai fili a filashin, duba tsarin da aka yi masa. FAT32 ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce gigabait 4. Sai a sauya shi zuwa exFAT ko NTFS, amma a kwashe abin da ke ciki tukuna, domin sauyin yana goge komai.

Shi kansa PST yana da iyaka. Na Outlook 2002 da waɗanda suka gabace shi gigabait 2 ne, na 2003 da 2007 gigabait 20, daga 2010 kuma gigabait 50. Idan ya kusa cika sai ya fara nauyi ko ya lalace.

An ɗauke wuta ana tsakiyar aiki

Mai kwamfutar tebur da ba shi da batirin riƙe wuta ya san wannan. Idan ta mutu lokacin da Outlook ke rubutu a fayil, fayil ɗin kan lalace. Akwai ƙaramar manhajar gyara mai suna scanpst.exe da ke zuwa tare da Office. Kwafi lalataccen fayil ɗin ka ajiye gefe kafin ka fara, domin gyaran kan zubar da abin da ya kasa karantawa.

Masu amfani da Thunderbird

Thunderbird yana tara saƙonni da lambobin mutane da saiti a folda guda. Shiga Help, sannan Troubleshooting Information, za ka ga maɓallin buɗe ta. Rufe manhajar gaba ɗaya, ka kwafe foldar duka.

Kuskuren da ake yi shi ne kwafe fayilolin da sunansu ya ƙare da .msf. Waɗannan jerin sunaye ne kawai. Saƙonnin suna cikin fayilolin da ba su da wutsiya, irin su Inbox da Sent. Haka kuma hanyar fitarwa ta cikin manhajar ba ta dace da folda da ta wuce gigabait 2 ba, sai a kwafa da hannu.

Gwada kafin ka yarda

Filashin jabu da ke nuna girman da ba shi da shi ya cika kasuwa. Zai nuna maka an gama kwafi, sai ranar buɗewa ka tarar da wofi. Don haka buɗe kwafin a wata kwamfuta, ka nemo saƙon shekarun baya, ka buɗe takardar da ke maƙale da shi.

Masana harkar suna ba da shawarar kwafi uku, a ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wajen gida ko ofis. Kada kuma a dogara da Gmail kaɗai. Gigabait 15 ne kyauta, kuma tun Disamban 2023 Google ya fara aiki da dokar goge asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba. Google Takeout yana ba ka saƙonninka a tsarin mbox, wanda Thunderbird ke iya karantawa.

Ni dai kuɗin nan na haƙura da su, domin ba ni da hujjar nunawa. Yanzu duk ƙarshen wata nakan fitar da sabon PST, kuma ba na miƙa wa mai gyara kwamfuta sai na buɗe kwafin na ga saƙonnin da idona.