Ƙwaron da ke cin mushe, ya kuma ci banda

Idan akuya ta mutu a bayan gari, ƙudaje ne ke fara isa, tsutsotsinsu su cinye tsoka tun tana ɗanya. Sai gawar ta bushe, saura fata da jijiya da ƙashi, sannan wani ɗan ƙwaro ya karɓi aikin. Masana na kiransa Dermestes maculatus, sunan da De Geer, masanin ƙasar Suwidin, ya raɗa masa a 1774. Da ƙyar yake kai santimita 1. Bayansa baƙi ne, amma in ka birkice shi za ka ga cikinsa fari. Kusan babu nahiyar da bai shiga ba, domin yana bin kayan fatauci.

Abin da ya sa ya shafe mu a Wudil shi ne, a wurinsa ƙirgin da aka shanya da bandar tarwaɗa duk mushe ne busasshe. Garin da ke da kogi da masunta da babbar kasuwar shanu ta ranar Juma'a kuwa ba zai rasa masa abinci ba.

Macen tana saka ƙwai a tsagar naman kifi. Cikin 'yan kwanaki tsutsa mai gashi-gashi ta fito, kuma ita ce uwar ɓarna. Tana gudun haske, don haka ta ciki take ci. Ka ɗauki kifi ka gan shi lafiya lau, ka karya, sai gari da saɓar tsutsa su zubo maka a tafin hannu. In ta ƙoshi, sai ta huda katako ko kwali ta ɓuya har ta rikiɗe. A yanayin ɗumi irin namu, mako 5 zuwa 7 sun isa a samu sabuwar zuriya. Shi ya sa tsohon kwando ke harbin sabon kaya.

Amma ƙwaron yana da ranarsa: gidajen adana kayan tarihi a Turai da Amurka na kiwonsa don ya share musu ƙasusuwa tas.

Abin da ke damuna shi ne masu fesa wa kifi maganin ƙwari, alhali cikin mutane zai shiga. Gishiri na hana tsutsar girma, zafin wuta na kashe ta har da ƙwan. A sa gishiri kafin banda, a mayar da kifi kan wuta in ya jima a ajiye, a share ma'aji, a ƙone tsofaffin kwalaye. Don Allah, a raba abincin jama'a da guba.