Kumburin Babbar Jijiyar Ƙirji da Hanyoyin Maganinsa

Kalmar jijiya tana da faɗi a Hausa, domin ta haɗa hanyar jini da agara da kuma wadda ke kai saƙon ƙwaƙwalwa ga gaɓoɓi. Wadda ake nufi a nan ita ce uwar hanyoyin jini duka, watau wadda ta fito daga zuciya ta lanƙwasa cikin ƙirji, sa'an nan ta gangara ciki. Faɗinta ya kusa santimita 3.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan tsufa ko kitse ya raunana bangon wannan jijiya, ƙwayoyin cuta da ke yawo cikin jini sukan sami maƙale. Daga nan sai bangon ya ruɓe, ya kumbura kamar robar cikin tayar keke, kuma ranar da ya fashe da wuya mutum ya kai asibiti. Likita William Osler ya yi bayanin irin wannan kumburi a shekarar 1885. A da tunjere ne ya fi lalata jijiyar, kafin a fara kashe shi da fenisilin a 1943. A yau an fi samun ƙwayar da ke kawo maruru, da dangin ƙwayar taifot waɗanda ake ɗauka daga gurɓataccen abinci.

Alamunsa su ne zazzaɓi mai naci, da ciwon ƙirji ko gadon baya, wani lokaci har da dushewar murya ko wuyar haɗiya. Ɗalibi a Samaru ko ma'aikaci a Sabon Gari da ya ga haka ga mahaifinsa yakan ce taifot ne, ya sayo ƙwaya a kemis. Zazzaɓin ya lafa, kumburin kuwa yana nan yana girma.

Magani ƙafa biyu gare shi. Ta farko, a gwada jini a gane ƙwayar, a ɗauki hoton ƙirji da na'ura, a bi majinyaci da allura ta jijiya aƙalla mako 6. Ta biyu ita ce aiki: a buɗe ƙirji, a yanke ruɓaɓɓen wurin, a ɗinka bututu a madadinsa. A 1994 likitocin Jami'ar Stanford ta Amurka sun bayyana nasarar zura bututun ta jijiyar cinya ba tare da buɗe ƙirji ba. Wannan ya fi sauƙi ga tsoho, amma ruɓar tana nan ciki, don haka shan magani yakan ɗore, wani har iyakar rayuwarsa. Ƙwaya kaɗai ba safai take hana fashewa ba.

Saboda haka, dattijon da zazzaɓi ya ƙi saki, ga kuma ciwon ƙirji, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ya kamata a nufa da shi tun jijiyar ba ta fashe ba.