Inshorar rai: nawa ne ya ishi magidanci? Ga abin da lissafi ya ce

Duk ƙarshen wata, kuɗin magidanci hanya uku ke jiran su: cefane, zuba jari, da tanadin abin da iyali za su riƙe idan ta Allah ta kasance. Ka ƙara wa ɗaya, ka rage wa sauran. To, yaya za a raba?

Masana sun daɗe a kan tambayar nan. A 1965 Menahem Yaari ya shigar da wani abu cikin lissafin kashe kuɗi: ba wanda ya san ranar mutuwarsa. A 1969 Robert Merton ya fitar da ƙa'idar kason da ya kamata a zuba a jari mai haɗari, irin hannun jari. Sai Scott Richard ya haɗe biyun a 1975, ya zamana ci, jari da inshora duk lissafi ɗaya ne.

Ƙa'idar Merton ba ta da wuya. Ƙarin ribar da ake sa ran jari mai haɗari zai bayar na jawo kason sama. Hawa da saukar farashi, da kuma tsoron asarar mai kuɗin, su ke jawo shi ƙasa. Mai tsoro ninki biyu, rabin kason zai zuba.

Inshora fa? Nan ne abin ya fi jan hankali. A lissafin, ba rai ake karewa ba, albashin da ba a karɓa ba tukuna ake karewa. Mu ɗauki misali: mai shekara 30 da ke samun naira miliyan 2 a shekara, zai yi ritaya a 60. Kusan miliyan 60 ke gabansa, kafin a rage darajar kuɗin gobe zuwa ta yau. Idan ya rasu gobe, duk sun tafi. A shekara 55 kuwa, miliyan 10 suka rage, ga ajiya ta taru, yara sun tasa.

Ke nan abin da za a saya shi ne giɓin da ke tsakanin buƙatar iyali da dukiyar da ke hannu. Matashi mai ƙananan yara, marar ajiya, shi ya fi kowa buƙata, kuma a lokacin ne kuɗin inshorar ya fi sauƙi. Dattijon da ya tara, giɓinsa na iya rufewa gaba ɗaya. Wanda ya zaɓi takaful, tsarin taimakekeniya da aka fara kafa kamfaninsa a Sudan a 1979, giɓin nan ɗaya zai auna.

Sai dai a kula. Tsarin na asali ya ɗauka albashi tabbatacce ne, yanayin kasuwa kuma ba ya sauyawa. Ga ɗan kasuwa ko manomi, ko inda hauhawar farashi ke cinye ajiya, sai an gyara alkaluman. Amma tambayar na nan yadda take: idan samunka ya tsaya yau, shekara nawa abin da ka bari zai ciyar da gida?