Ɗigon ƙarƙashin mota: Yadda ake gane abin da tsohuwar mota ke zubarwa kafin a je gareji

Duk wanda ya bi layukan Ebute Metta da sanyin safiya, daga wajen kasuwar Oyingbo zuwa harabar Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, ya kuma dubi wuraren da motoci suka kwana, zai tarar kusan kowace ta bar shaida a ƙasa. Wani tabon baƙi ne ƙirin, wani ja-ja, wani kuwa jiƙa ce kawai da za ta bushe kafin hantsi.

Haka abin yake a Agege da Idi-Araba da Mile 12 da sauran unguwannin da Hausawa suka yi kaka-gida a Legas, domin akasarin motocin da ake hawa na hannu ne, waɗanda a nan ake kira Tokumbo, a Arewa kuma a ce 'yar Beljiyam ko 'yar Kwatano. Da yawansu sun share shekaru suna aiki a titunan Turai da Amurka kafin a sauke su a tashar Apapa ko ta Tin Can.

Motar da ta manyanta ba ta rasa yoyo. Robobin da ke toshe mahaɗar ƙarafa sun bushe, tiyo ya yi laushi, gaskit ya saki. Abin da ya kamata mai mota ya sani shi ne mene ne ke zuba, daga ina yake fitowa, sannan ko motar za ta iya kai kanta gareji ko sai an jawo ta. Ruwayen da ke iya ɗiga daga mota ba su gaza takwas ba. Wani ba ya buƙatar ko sisi, wani kuma yana iya zama sanadin rasa rai a kan gadar Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8, inda direba ba shi da wurin ratsewa idan birki ya ƙi kamawa.

A fara da kwali

Binciken farko ba ya buƙatar bakanike. A samu kwali mai tsabta, wanda cikinsa fari ne ko mai haske, a shimfiɗa a ƙarƙashin motar da daddare daga hancinta zuwa tsakiya, a yi masa alamar inda tayoyin gaba suke. Da safe kwalin zai nuna launin abin da ya ɗiga, da yawansa, da kuma daidai wurin da ya faɗo. Wannan ya fi duba ƙasa, musamman a unguwannin da motoci uku ko huɗu ke karɓa-karɓar wuri ɗaya, inda mutum kan tayar da hankalinsa a kan tabon da motar maƙwabci ta bari.

Daga nan a dangwala da yatsa a murza, a shinshina, amma kada a ɗanɗana. Akwai kuma wani gwaji mai sauƙi da ba kowa ya sani ba: a sa ɗigon a cikin kofin ruwa. Baƙin mai da man giya da fetur duk tasowa suke yi su kwanta a saman ruwa. Man birki da ruwan lagireto kuwa narkewa suke yi su gauraya da shi. Da wannan kaɗai an raba masu laifin gida biyu.

Idan abin da aka gani ruwa ne garau, ba wari ba santsi, yana ɗiga ta gefen fasinja na gaba bayan an yi tafiya da na'urar sanyaya mota, a kwantar da hankali. Raɓa ce da na'urar ta tatso daga iska, kuma a gari mai laima irin Legas takan yi yawa har ta yi kwaranya. Haka nan ɗan ruwan da ke fita daga salansa idan an tayar da mota da asuba. A lokacin damina ma, motar da ta ratsa ambaliya takan kwana tana tsiyayar da ruwan da ya maƙale a jikinta.

Biyun da ba a yi musu jinkiri

Fetur ba ya ɓoyuwa ga hanci, amma yana ɓoyuwa ga ido, saboda yana bin iska kafin gari ya waye, sai dai a ga tabo busasshe. Idan ana jin warinsa a kusa da mota alhali ba a daɗe da shan mai ba, a duba ƙarƙashin tanki a baya, da bututun da ke bi ta ƙasan mota zuwa inji, da kuma murfin famfon mai da ke ƙarƙashin kujerar baya a motoci da dama. Gishirin da ake zubawa a titunan ƙasashen sanyi don narkar da ƙanƙara yana cin waɗannan bututun tun kafin motar ta iso Najeriya, iskar teku kuma ta ƙarasa aikin. Tun bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 kowa ke lissafin lita, to amma asarar kuɗi ita ce mafi ƙanƙanta a nan. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa, kuma garwashin mai tsire ko tartsatsin janareta da ke kusa ya isa ya kunna shi. Motar da ke yoyon fetur ba a tayar da ita.

Man birki shi ne na biyu, kuma ya fi yaudara. Sabonsa fari ne mai ɗan rawaya-rawaya, tsohonsa ruwan ƙasa, yana da santsi sosai a yatsa, kuma yana cinye fenti idan ya zauna a jikin mota. Akan gan shi a cikin taya ta ɓangaren ciki, ko a kan layin bututun birki, ko a ƙasan ɗan tankinsa da ke gaban direba a ƙarƙashin bonet. Wani lokaci ba ya sauka ƙasa sam: yana tsiyaya ne cikin baƙar tukunyar nan da ke bayan famfon birki, sai dai a ga man yana raguwa a tanki babu tabo ko ɗaya. Raguwa kaɗan a hankali tana iya zama alamar takalman birki sun cinye. Amma idan mutum ya taka birki ya riƙe, ya ji ƙafarsa tana nutsewa sannu a hankali, to akwai yoyo, kuma ciko ba magani ba ne.

Nan ne ya kamata a faɗi gaskiya game da wata ɗabi'a da ake jin labarinta a tashoshin mota, wato zuba ruwan omo a madadin man birki. Man birki samfurin DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205 a ma'aunin Selshiyos idan sabo ne, DOT 4 kuma 230. Ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa. Da zarar birki ya ɗauki zafi a cunkoso ko a gangara, ruwan zai zama tururi, ƙafa ta tafi har ƙasa babu abin da ya kama. Zuba man giya ko baƙin mai a tankin birki shi ma ɓarna ce, domin yana kumbura robobin ciki, gyaran kuma sai an sauya su duka.

Jan mai da ruɗaninsa

Jan ɗigo shi ya fi kai mutane ga kashe kuɗin banza, kuma marubucin wannan sharhi ya taɓa shiga tarkon. Wata safiya na tarar da jan tabo a ƙarƙashin motata, ƙirar Japan da ta haura shekara 15. Bakaniken farko da na nuna wa bai ko durƙusa ba ya yanke hukunci cewa giya ce ke yoyo, sai an sauke ta. Na ce ya ba ni kwana biyu. Da na duba gejin man giya na tarar bai motsa daga inda yake ba, amma ɗan tankin man sitiyari ya kusa ƙafewa, kuma sai a sannan na tuna motar ta fara kuka idan na murɗa kan zuwa ƙarshe. Ashe tiyon da ke mayar da mai tankin sitiyari ne ya tsage a bakin ɗaurinsa. An yanke shi aka sake ɗaurewa kafin a samo sabo a Ladipo.

Dalilin ruɗanin shi ne tsofaffin motoci da yawa mai iri ɗaya suke sha a giyar otomatik da sitiyari, launi ɗaya, wari ɗaya. Wurin da ya ɗiga da tankin da ya ragu su ne ke raba gardama. Idan daga giya ne, a lura da launinsa: ja mai haske lafiyayye ne, wanda ya yi duhu yana warin ƙuna kuwa yana nuna giyar ta sha wahala. Motoci masu giyar hannu da masu jan baya suna da nasu man daban, mai kauri, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai saboda sinadarin ƙibiritu da ke cikinsa. Wanda ya taɓa shinshina shi sau ɗaya ba ya mantawa.

Lagireto

Ruwan sanyaya inji na asali yana zuwa da launi, kore ko ruwan hoda ko ruwan lemo, yana da ɗan ƙamshi mai zaƙi da yauƙi kaɗan, idan ya bushe kuma ya bar farin ɓawo a bakin tiyo. Zaƙin nan shi ne haɗarinsa, domin sinadarin da ke cikinsa guba ne mai lalata ƙoda, kuma yara da kuliyoyi da awaki na iya lasa. A wanke shi daga tsakar gida nan take.

Sai dai a motocinmu da wuya a ga launin, saboda an saba cika lagireto da ruwan rijiya ko na leda. Sakamakon shi ne tsatsa, don haka ɗigon kan fito ruwan ƙasa kamar shayi, har a ɗauka baƙin mai ne. Gwajin kofin ruwa zai warware wannan. Wuraren da aka fi samun yoyon su ne inda kan lagireto na roba ya haɗu da jikinsa na alminiyom, da bakin tiyo, da ƙasan famfon ruwa. Murfin lagireto ma, duk da ƙanƙantarsa, shi ke riƙe matsin da ke hana ruwan tafasa har sai ya doshi digiri 120; idan robarsa ta mutu, motar za ta riƙa amayar da ruwa a cunkoson Ikorodu Road ba tare da wani abu ya fashe ba. Kada a kuskura a buɗe shi inji na da zafi.

Idan ruwa na raguwa amma kwali a bushe yake, a taɓa dardumar gefen fasinja, domin motocin ƙasashen sanyi suna da ƙaramin lagireto na ɗumama ciki a bayan dashbod. Idan nan ma a bushe yake, a zaro gejin baƙin mai. Man da ya koma kamar shayi mai madara, tare da farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya ɗumama, alama ce ta gaskit ɗin kan inji ya ƙone, ruwa na shiga inda bai kamata ba.

Baƙin mai ba ya ɗiga daga inda ya fito

Shi ne ya fi yawa, kuma shi aka fi rainawa. Da yayyafi kogi kan cika: ɗigo ɗaya a minti ɗaya ɗigo 1,440 ke nan a yini, wanda ya kai kimanin rabin lita a mako. Injin ƙaramar mota mai fulogi huɗu kusan lita huɗu yake ɗauka gaba ɗaya. Kuma jar fitilar mai da ke kamawa a dashbod ba ta cewa mai ya ragu. Cewa take matsin man ya riga ya faɗi, wato saura ƙiris inji ya buga. Idan ta kama ana tafiya, a tsaya a kashe mota.

Wahalar gano tushensa ita ce mai yana gangarowa ƙasa, iska kuma tana tura shi baya. Man da ya tsatso daga murfin saman inji zai bi jikin injin ya taru a kwanon ƙasa ya ɗiga daga can, sai a yi ta sauya gaskit ɗin kwano a banza. Ƙa'idar ita ce a bi jiƙar zuwa sama har inda ta ƙare. Wuri mafi tsayi da ya jiƙe shi ne ake zargi. Idan datti ya rufe ko'ina, a wanke injin da kula, a bar shi ya bushe, a barbaɗa farar hoda a wuraren da ake shakka, a tayar da mota na minti 15, a haska da tocila. Layin farko da ya ɓata hodar zai nuna hanya. Wasu garejin suna da rinin da ake zubawa a mai a haska da fitila ta musamman, ga wanda hodar ba ta wadatar ba.

A fara zargin abu mai araha. Idan yoyon ya soma ne bayan juyen mai, a duba notin ƙasa da washarsa da kuma filta, ko an bar su sako-sako ko an ɗaure su fiye da kima. A duba ko an cika man ya wuce alamar geji. A duba ɗan bawul ɗin da ke fitar da hucin cikin inji, domin idan ya toshe, matsi kan taru ya turo mai ta kowace roba, a sauya wannan gobe waccan ta fashe. A duba ko kwanon ya daki dutse ko tudun rage gudu. Robar da ke tsakanin inji da giya ita ce ta ƙarshe da za a ambata, saboda sai an sauke giya ake kai mata, kuma bakaniken da ya fara da ita kafin ya wanke inji ya cancanci a nemi ra'ayin wani.

Ga masu shirin tafiya gida, Kano ko Katsina ko Sakkwato, tafiyar da ta kai kilomita 1,000 ko fiye, tsatsowar da mota ke jurewa tsakanin Ebute Metta da Agege takan buɗe idan inji ya yi awa 10 yana zafi ba hutu. A shimfiɗa kwalin mako biyu kafin ranar tashi, a auna baƙin mai da safe a wuri mai daidaito kafin a tayar da inji, a rubuta inda kowane geji ya tsaya, a sake dubawa bayan kwana uku. Idan za a je gareji, a tafi da kwalin.