Tsibirin Macquarie: Inda Cikin Duniya Ya Leƙo Waje

Can ƙarshen kudancin duniya, tsakanin ƙasar Ostiraliya da yankin ƙanƙara na Antatika, akwai wani ɗan siririn tsibiri da ake kira Macquarie. Tsawonsa kilomita 34 ne, faɗinsa kuwa bai wuce kilomita 5 da ɗoriya ba. Yana ƙarƙashin mulkin jihar Tasmaniya ta Ostiraliya, amma tsakaninsa da Tasmaniyar akwai ruwa na wajen kilomita 1,500, watau ya fi nisan da ke tsakanin Accra da Kano in an miƙe sosai. Babu gari a cikinsa, babu kasuwa, babu ko itace guda ɗaya da mutum zai fake a gindinsa. Mazaunansa su ne tsuntsayen teku wajen miliyan 3 da rabi, da dabbobin ruwa dubbai, sai kuma 'yan ma'aikata kaɗan da ke zaune a tashar bincike da gwamnatin Ostiraliya ta kafa tun 1948.

Mai karatu zai ce, to me zai kai mutum irin wannan wuri? Ai kuwa ana zuwa, har ma da biyan dubban daloli.

Ba a zuwa ta sama, domin babu filin jirgi. Jiragen ruwa na 'yan yawon buɗe ido su kan taso daga Hobart, babban birnin Tasmaniya, ko daga tashoshin kudancin Niyu Zilan, su yi kwanaki suna fama da teku mafi tashin hankali a duniya. Lokacin tafiyar daga Nuwamba ne zuwa Maris. Sa'ad da muke fama da hunturu a nan, su a can suna tsakiyar bazararsu, rana ta kan yi sa'o'i 17 ba ta faɗi ba a watan Disamba. Sai dai kada kalmar bazara ta ruɗi kowa. Ma'aunin zafi a tsibirin ya kan tsaya ne wajen digiri 5 in an haɗa lissafin shekara, ana ruwa ko yayyafi ko ƙanƙara fiye da kwana 300 a shekara, iska kuma ba ta hutawa. Tun da babu matsayar jirgi, sai a tsaya nesa da gaɓa a sauke mutane cikin ƙananan kwale-kwalen roba masu inji. In teku ta ƙi, shi ke nan. Akwai waɗanda suka biya kuɗinsu cif, suka hango tsibirin daga kan jirgi, suka juyo ba su taka ƙasarsa ba.

Wanda ya yi sa'a, kafin ya sauka sai an bincike shi tsaf. Za a wanke takalmansa da magani, a zuƙe ƙurar da ke cikin aljihunsa da jakarsa da na'ura, don kada ƙwayar irin wata ciyawa ta bi shi. Hukumar kula da gandun daji ta Tasmaniya ita ke ba da izinin shiga, ta kuma ƙayyade yawan baƙi a shekara. Ba a kwana a tsibirin, ba a ɗaukar ko tsakuwa. Dalilin wannan tsanani zai fito fili in mun zo kan labarin zomaye.

Wurare biyu aka fi saukar da baƙi: kusa da tashar bincike a arewa, da kuma wani gaɓa da ake kira Sandy Bay. A nan ne mutum zai yi arba da fenguwin, tsuntsun nan da ba ya tashi sama, mai tafiya a tsaye kamar ɗan yaye, amma in ya faɗa ruwa kifi ma sai ya yi da gaske. Iri huɗu ne ke hayayyafa a tsibirin. Akwai babban, mai ruwan lemo a wuya, wanda tsayinsa ya kusa mita ɗaya. Akwai kuma mai tukku rawaya da farar fuska, wanda duk duniya ba ya yin ƙwai sai a Macquarie da 'yan duwatsun da ke kusa da shi; an ƙiyasta su wajen 850,000, mace da namiji a lissafin ɗaya. Doka ta ce baƙo ya tsaya nesa da su mita biyar. Su dai tsuntsayen ba wanda ya karanta musu dokar, in ka zauna shiru sai su zo su dinga tsattsagar takalminka.

Sai wata ƙatuwar dabba da za mu iya kira giwar teku, saboda hancin namijin da ke lilo kamar na giwa. Kada a haɗa ta da giwar ruwa, kifin nan da muka sani. Wannan dabba ce mai shayarwa, namijinta ya kan haura tan uku. A kan tudu ba ta da aiki sai kwanciya cikin taɓo da gurnani da wari, amma a teku ta kan nutsa fiye da mita 1,000, ta yi sama da sa'a guda ba ta leƙo ta shaƙi iska ba. A sama kuwa ga albatros, wanda in babbansu ya buɗe fikafikai sun fi mita uku.

Abin mamaki shi ne, lokacin da Hukumar UNESCO ta sa tsibirin cikin jerin wuraren gadon duniya a 1997, duwatsunsa ne kan gaba wajen jawo masa wannan daraja. A aji mu kan kwatanta wa yara duniya da dafaffen ƙwai: akwai ɓawo a waje, akwai fari mai kauri a ƙarƙashinsa, akwai gwaiduwa a tsakiya. Ɓawon nan a fashe yake, ya rabu manyan faya-fayai masu motsi a hankali. Macquarie yana zaune daidai kan mahaɗar faifan Ostiraliya da na Fasifik. Da faya-fayan biyu suka matsi juna, sai suka tuttuɗo wani yanki na ƙasan teku zuwa sama, har ya ɓullo bisa ruwa shekaru wajen 600,000 zuwa 700,000 da suka wuce. Nan ne kaɗai a duniya inda duwatsun da asalinsu ke kilomita shida ƙarƙashin ƙasan teku, watau daga cikin farin ƙwan nan, suke ci gaba da fitowa sarari a tsakiyar teku. Abin da masana ke kashe miliyoyi suna haƙa don su ga ɗan gutsurensa, a nan sai su taka shi da ƙafa. Akwai ma duwatsu masu siffar matasan kai da aka jibge, waɗanda suka samu lokacin da narkakken dutse ya fito cikin ruwan sanyi ya daskare nan take. Har gobe tsibirin yana ƙara tashi, ƙasa da milimita ɗaya a shekara, kuma girgizar ƙasa ba baƙuwa ba ce a wurin. Ran 23 ga Disamba 2004 an yi wata mai ƙarfin 8.1 a tekun da ke arewa da shi, kwana uku kafin bala'in tsunami na tekun Indiya.

Tarihin mutane a tsibirin kuwa ba abin alfahari ba ne. Wani matuƙin jirgi mai suna Frederick Hasselborough ya ci karo da shi a 1810, ya sa masa sunan gwamnan New South Wales na lokacin, Lachlan Macquarie. Cikin shekara goma mafarauta suka ƙarar da wasu dabbobin ruwa masu laushin gashi saboda fatarsu. Suka koma kan giwar teku suna narkar da kitsenta. Da ta yi ƙaranci, wani ɗan kasuwa daga Niyu Zilan, Joseph Hatch, ya kafa manyan tukwanen ƙarfe masu aiki da tururi, ana dafa fenguwin dubbai ana tatsar mai, kowane tsuntsu wajen rabin lita. Mutane irin su Douglas Mawson, wanda ayarinsa ya kafa tashar rediyo a tsibirin a 1911, suka yi ta kuka da wannan ɓarna har aka tsai da ita wajen 1920, aka mai da wurin mafakar namun daji a 1933. Tukwanen suna nan har yau a Lusitania Bay sun yi tsatsa, manyan fenguwin fiye da 100,000 sun kewaye su, alhali a da saura 'yan dubbai kaɗan suka rage.

Mafarautan sun tafi, amma sun bar baya da ƙura. Ɓeraye sun sauko daga jiragensu. Sun kawo kyanwoyi, sa'an nan a ƙarshen shekarun 1870 suka saki zomaye don su riƙa samun nama. Da zomaye suka yawaita, kyanwoyi suka sami abinci rani da damina, su ma suka yawaita, suka far wa tsuntsaye. Wani ɗan aku da ba a samunsa ko'ina sai nan ya ɓace ƙurmus wajen 1891. An ƙiyasta kyanwoyin na cin tsuntsayen teku 60,000 kowace shekara.

A 1978 aka saki wata cuta mai kashe zomaye, yawansu ya faɗi daga sama da 100,000 zuwa kaɗan daga cikin haka. Kyanwoyi suka rasa zomo, suka ƙara matsa wa tsuntsaye. Aka shiga farautar kyanwa, aka kashe ta ƙarshe a shekarar 2000. Ana murna, sai ga zomaye sun dawo fiye da 100,000 cikin 'yan shekaru. Ana maganin ƙaba kai na kumbura. Suka cinye dogayen ciyayin da ke riƙe da ƙasar gangare, har a 2006 ƙasa ta zabtaro a Lusitania Bay ta binne fenguwin. Masana sun yi ta gardama: wasu suka ce kawar da kyanwa ne ya jawo, wasu suka ce ƙarfin cutar ne ya ragu, ga kuma sanyi da ya yi sauƙi. A ganina gardamar ba ta sauya kome ba, domin duk wanda ya san kyanwa na cin zomo ya kamata ya tambayi abin da zai faru ran da babu kyanwar, ya tanadi kuɗin aiki na biyu tun kafin ya gama na farko.

Sai a 2007 gwamnatin tarayya da ta Tasmaniya suka amince su haɗa wajen dalar Ostiraliya miliyan 25 don a gama da zomaye da ɓeraye gaba ɗaya. Yunƙurin 2010 ya ci tura saboda mugun yanayi ya hana jirage masu saukar ungulu tashi. A 2011 aka watsa guba wajen tan 300 a duk faɗin tsibirin. Ba a yi ba tare da hasara ba, don tsuntsaye masu cin mushe da yawa sun mutu. Daga nan mafarauta da karnuka horarru suka bi tsibirin rami rami, dare da rana, kusan shekara uku, don neman 'yan zomayen da suka tsira, waɗanda ba su fi goma sha ba. A watan Afrilu 2014 aka ba da sanarwa cewa babu sauran zomo ko ɓera.

Ciyawa ta dawo, har ta fi ƙugun mutum a wuraren da a da suke fako. Kabejin tsibirin, mai faffaɗan ganye da mafarautan da ke ci don maganin ciwon dasashi, ya sake rufe gangare, tsuntsaye masu yin gida a rami suna komowa. Sai dai ma'aikatan ba su sami sararin hutawa ba. Tun wajen 2008 wata gajeriyar shuka mai kama da matashi, wadda ita ma ba ta fitowa ko'ina sai kan tudun Macquarie, ta fara bushewa, ana danganta abin da sauyin yanayi. Murar tsuntsaye kuma ta isa tsibirin South Georgia a 2023 ta kashe tsuntsaye da giwayen teku, abin da ya sa aka ƙara tsananta wankin takalma da binciken kaya ga duk jirgin da ya nufi waɗannan tsibirai na kudu.