Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Maganarmu ta wannan mako ta shafi 'yan matanmu na Dirin Daji da ƙauyukan Sakaba waɗanda su ka sami shiga makarantun gaba da sakandare, da kuma iyayensu mata masu haɗa musu kaya. To, 'yar'uwa, ki ba ni aron kunnenki.

Dā, kafin a yanke Jihar Kebbi daga Jihar Sakkwato cikin 1991, yarinyar ƙasar Zuru da ta so shiga jami'a sai ta nufi Sakkwato, ko Zariya, ko wani gari mai nisa. Yanzu abin ya matso kusa. An kafa jami'ar jiha a Aliero cikin 2006, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi cikin 2013. Cikin 2020 kuma a ka kafa Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a garin Zuru, a harabar tsohuwar Kwalejin Aikin Gona. Ga Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie a Argungu, ga ta Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi.

Amma kin fi kowa sanin yadda a ka yi ki ka isa can. Wata sai da uba ya buɗe rumbu ya sayar da dawa, wata sai da uwa ta kai akuyarta kasuwa. Tun da 'yan bindiga su ka sace ɗalibai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri cikin watan Yuni 2021, iyaye da yawa sai sun danne zuciya kafin su bar ɗiya ta kwana a makaranta. Wadda a ka yi wa wannan ƙoƙari, bai kamata ta komo gida hannu rabbana ba. Duk wadda ta ci jarrabawar JAMB tana da basira. Abin da ya kan kayar da ita shi ne rashin tsari.

BABU MAI BUGA MIKI ƘARARRAWA

A gida uwarki ce agogonki. Ita ke tashe ki da asuba, ita ke aikenki rijiya, ita ke cewa lokacin ɗora tukunya ya yi. A sakandare kuwa ƙararrawa ce. A jami'a ba uwa, ba ƙararrawa. In kin ga dama ki kwana har hantsi, ba mai ce miki uffan. Sai ranar da a ka kafe sakamako a jikin allo za ki san ashe ana lissafi.

Ga yadda lissafin ya ke. Shekarar karatu zango biyu ce. A kowane darasi a kan ware maki 30 ko 40 cikin 100 domin gwaji da aikin gida, saura kuwa na babbar jarrabawa ne. Makarantu da yawa sun sa doka sai ɗaliba ta halarci kashi 75 cikin 100 na lacca kafin a bar ta ta zauna jarrabawa. A yawancin jami'o'i, maki 70 zuwa sama shi ne A, darajarsa 5. Wadda ta kasa kai 40 ta faɗi, darajarta sifiri, sai ta maimaita darasin baɗi, watau abin da ɗalibai ke kira keri-oba. A kan tara waɗannan darajoji tun daga shekarar fari har ta ƙarshe a fitar da tsaka-tsakinsu. Mai 4.50 zuwa sama ita ce mai digiri na daraja ta ɗaya. Kin ga ke nan wasan da ki ka yi a zangon farko zai bi ki har ranar da za ki karɓi takardar shaida.

RABA LOKACI

Mako guda sa'a 168 ne, ba a ƙara wa 'yar sarki, ba a rage wa 'yar talaka. A misali, ki cire 49 na barci, watau sa'a 7 kowane dare. Ki cire kamar 20 na lacca. Ki cire 35 na girki da wanki da ɗiban ruwa da ibada. Saura 64. In kin ba karatu sa'a 3 kullum, 21 kaɗai ki ka taɓa, har yanzu kina da fiye da 40 na hutu da zumunci. Ashe lokaci yana nan, zubewa ya ke yi ta inda ba ki lura ba.

Ran da zango ya fara, ki sami takarda babba ki ja layi bakwai, kowace rana da gidanta. Ki rubuta lokutan lacca tukuna, sa'an nan ki zaɓi lokacin karatunki ki kafe shi kamar turke. Da sanyin safiya a ke kama fara: bayan asuba ɗaki shiru, ƙwaƙwalwa ta huta, ba kya bukatar wutar lantarki wadda ba ta da tabbas. Ki manna takardar a gefen gadonki. Da zarar malami ya faɗi ranar gwaji ko ranar kawo aiki, ki rubuta nan take, kada ki ce za ki tuna.

NOMAN FARKO DA MAIMAI

Ke 'yar manoma ce. Kin san wanda ya yi noman farko ya ƙi komawa maimai, ciyawa ce za ta cinye masa gona. Haka karatu ya ke. Wani malami Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya gwada wannan a kan kansa, ya buga sakamakon cikin 1885. Ya riƙa haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, yana auna abin da ya rage masa. Ya tarar bayan sa'a guda fiye da rabi ya zube, bayan kwana guda kuwa kusan kashi biyu cikin uku. Watau mantuwa ta fi gudu a ranar farko. Saboda haka laccar da ki ka ji yau, yau za ki duba ta, ko da minti 15 ne. Ki sake dubawa bayan kwana biyu ko uku, ki kuma sake a ƙarshen mako.

Amma duban ma iri-iri ne. Wata ta kan karanta shafi sau biyar, ido ya saba da shi, ta ɗauka ta iya. Ki tuna makarantar allo. Ba a wanke wa yaro allo don ya daɗe yana kallonsa. Sai ya kife shi ya biya da ka a gaban malam. Cikin 2006 waɗansu masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, sun gwada ɗalibai. Waɗansu su ka karanta labari su ka yi ta maimaita karantawa. Waɗansu su ka karanta kaɗan, sa'an nan su ka rufe su ka yi ta rubuta abin da su ka tuna. Bayan mako guda, masu rufewa su gwada kansu sun tuna kashi 61 cikin 100, masu maimaita karatu kuwa 40. To, ki yi haka. Ki karanta, ki rufe littafi, ki rubuta abin da ki ka riƙe, ki buɗe ki ga inda ki ka yi tuntuɓe. Ki nemi tambayoyin jarrabawar shekarun baya ki amsa su da agogo a gabanki.

Kwanan zaune a daren jarrabawa kuwa, asara biyu ce. Cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da a ka koya da rana. Wadda ta hana kanta barci ta shiga jarrabawa da jajayen idanu, ga gajiya ga mantuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

TAKARDU, KUƊI DA TUKUNYA

Ki sayi jaka ɗaya ta roba domin takardu kaɗai: takardar shiga makaranta, rasit na kuɗin makaranta, takardar rajistar darussa, katin jarrabawa. Ki ɗauki hoton kowace da wayarki, ki kuma bar kwafi a gida wurin uwarki. Ran da za a sallame ki za a nemi rasit na shekarar fari. Ki yi rajistar darussa da wuri, ki duba lambar kowane darasi sau biyu, domin jarrabawar darasin da ba ki yi rajistarsa ba aikin banza ce. Kowane darasi da littafinsa, kowace lacca da kwanan wata a samanta.

Kuɗin da a ka ba ki, ki raba shi bisa yawan makonni tun ranar farko, ki ware na motar komawa gida kada ki taɓa. Cikin 2024 gwamnatin tarayya ta buɗe asusun ba ɗalibai rance mai suna NELFUND. Mai bukata ta tambaya a ofishin harkokin ɗalibai, amma ta sani bashi ne, ba kyauta ba. Wajen abinci, ku haɗu biyu ko uku ku yi girki bi da bi. Miyar da za ta kai kwana biyu ta fi a kunna risho sau uku a yini. Garin kuka, daddawa, yaji da ƙuli-ƙuli daga gida su kan rage zuwa kasuwa.

Waya kuwa, baiwa ce mai amfani, amma muguwar uwargijiya ce. Lokacin karatu ki kashe ta ki sa cikin akwati. WhatsApp da TikTok ba za su gudu ba. Ki zaɓi ƙawaye biyu ko uku masu himma ku riƙa yi wa juna tambayoyi, gama zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. In darasi ya shige miki duhu, ki tambayi malami a cikin aji, ko ki tafi ofishinsa da rana tare da ƙawa. Wanda ya nemi wani abu a hannunki a bakin maki, kada ki yi shiru, ki kai ƙara wurin hukumar makaranta.

MASU AURE DA MASU GOYO

Ke mai miji da goyo, kada ki ce tsari ya fi ƙarfinki. Tun ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta shirya ƙungiyar 'Yan Taru. Jajiyoyi su kan zo daga ƙauyuka su ɗauki karatu wurinta, su koma su koyar da matan da aikin gida ya riƙe. Hidimar gida ba ta hana su ba, domin an yi wa abin shiri. Ki zauna da maigida tun kafin zango ya fara, ki nuna masa takardar lokutanki. Ki san wadda za ta riƙe yaro lokacin lacca, da wadda za ta tsaya in ta farko ba ta samu ba.

In kuma an rufe makaranta ba shiri, kada ki rufe littafi. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya kai wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wadda ta riƙe sa'a guda kullum a gida, ba a komo an same ta fanko ba.

GARE KU IYAYE

Ku kuma iyaye, kuna da naku rabo. Kada a kira yarinya gida saboda kowane suna da kowane biki a tsakiyar zango, musamman ga halin da hanyoyinmu su ke ciki. In za ta zo, ta taso da safe ta iso da rana. In ta zo hutu, a bar mata sa'a guda ta duba littafi ba tare da gori ba. Ko ba ki yi boko ba, kina iya tambayarta ta nuna miki sakamakonta ta karanta miki. Yarinyar da ta san za a tambaya, ta kan shirya amsa.

To, 'yar'uwa, yau da dare kafin ki kwanta ki ɗauko takarda ki ja layin nan bakwai. Da yayyafi kogi kan cika. Allah ya ba da sa'a, ya mayar da ku gida lafiya da abin da a ka tura ku nema. Sai mako mai zuwa.