Na'urar ji ta yaro: ina za a samo kuɗinta?

Yau zancenmu a kan kunnen yaro yake, da kuɗin da ake kashewa domin ya ji.

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance, wata ɗaliba ce a ajinmu na manya. Ɗanta yana da shekara 2. Ya yi sanƙarau, Allah ya ba shi lafiya, amma tun daga nan in an kira shi ba ya waiwayowa. Likitan kunne ya auna shi, ya ce yana da sauran ji, sai dai a sa masa na'ura. Mijinta direba ne, wurin aikinsu suna da asurans, wato inshora. Suka kai takarda, aka ce musu na'urar ji ba ta cikin abin da ake biya. Ta zo aji da takardar a hannu, ta ce: "Malam, karanta mini, ko ni ce ban gane ba." Ta gane sarai. Haka aka rubuta.

Mu fara da sanin na'urar. Ƙarama ce, ana rataya ta bayan kunne. Tana da wurin ɗaukar sauti, da wurin ƙara masa ƙarfi, da wurin tura shi cikin kunne. Da ɗan ƙaramin pil take aiki. Akwai kuma wata roba mai laushi da ake yi daidai da ramin kunnen yaro. Na'urar ba ta warkar da kurumta. Sauran jin da yaro yake da shi take taimakawa.

Me ya sa ake gaggawa? Domin da kunne yaro yake koyon magana. Abin da bai ji ba, ba zai faɗa ba. Shekaru ukun farko su ne lokacin da harshe yake kamawa. Shi ya sa a Amurka likitoci suka tsayar da ƙa'ida: a auna jin jariri kafin ya cika wata 1, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a fara taimakonsa kafin wata 6. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In jaririnki ba ya firgita da ƙara mai ƙarfi, ko ya kai wata 6 ba ya juyowa wajen murya, ko ya shekara bai fara "baba" da "mama" ba, a kai shi asibiti. Kada a tsaya cewa ai ubansa ma bai yi magana da wuri ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce, a rahotonta na 2021, yara miliyan 34 ne a duniya suke da matsalar ji mai bukatar taimako. Ta ce kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara ana iya kauce mata. A ƙasarmu mun san masu jawo ta: sanƙarau, ƙyanda, hangum, mugunyar kunne da aka bari ta daɗe, da wasu allurai masu ƙarfi in an yi su ba bisa ƙa'ida ba. Annobar sanƙarau ta 2015 ta kama mutum fiye da 8.000 a Nijar. Rigakafi ya fi kowace na'ura araha.

To, mu zo ga kuɗi. Abin yana da tsada ko a ƙasashen da suke ƙera shi. A Faransa, tun Janairu 2021, akwai rukunin na'urori da mai asurans ba ya biyan ko dala daga aljihunsa. Amma dubi farashin da aka ƙayyade wa na yara: har yuro 1.400 kunne guda, wato kusan jika 918 na kuɗinmu. A Ingila asibitin gwamnati ne yake ba yara kyauta. A Amurka kuwa, tsarin Medicaid yana biya wa ƴaƴan masu ƙaramin ƙarfi, jihohi da dama sun tilasta wa kamfanonin asurans su biya wa yara, amma har yanzu akwai iyayen da ake mayar wa da takardarsu. Ashe ba ɗalibata kaɗai ba ce. Akwai na'urori masu sauƙin kuɗi fiye da waɗannan, kuma suna aiki, in gwani ne ya daidaita su.

A nan gida, tun 2006 aka ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuɗin ganin likita da magani a asibitocin gwamnati. Ku yi amfani da wannan, a fara duba kunnen. Sau da yawa dauɗa ce ta toshe shi, ko ruwa ya taru, magani kawai ake bukata. Ita na'urar, daga waje ake shigo da ita, kuma galibi iyaye ne suke nemo kuɗinta.

Kuskuren da na fi jin tsoro shi ne a tara kuɗin saye kaɗai. Saye farkon ɗawainiya ne. Pil yana ƙarewa cikin mako ɗaya ko biyu. Kunnen yaro yana girma, robar nan ta yi masa sako-sako, na'ura ta riƙa fito. Ga jariri, bayan ƴan watanni sai an sake roba. Ga kuɗin mota zuwa wurin likita domin a sake daidaitawa, wanda in kana ƙauyen Tawa ko Damagaram ba ƙaramin abu ba ne. Ita kanta na'urar, shekara 5 ko kusa da haka take yi. Saboda haka ka ce a rubuta maka farashin komai a takarda: na'ura, roba, awo, pil na shekara guda, da tsawon lokacin da za a gyara kyauta in ta lalace. Mai sayarwar da ya ƙi rubutawa, ka yi hattara da shi.

In kana da asurans aka ƙi biya, kada ka tsaya ga maganar baki. Ka nemi a ba ka amsar a rubuce, a nuna maka layin da ya hana. Ka karanta shi a hankali, ko ka sa wanda ka yarda da shi ya karanta. Wani lokaci na'urar ce kaɗai aka cire, amma awo da ganin likita suna ciki. Ka karɓi wannan kuɗin, naka ne. Sannan ka roƙi likita ya rubuta wasiƙa, ya bayyana cewa in ba na'ura yaron ba zai koyi magana ba. Ka haɗa da takardar awo, ka sake kaiwa. Ka kai wa shugaban wurin aikinku ma, domin shi ne ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin. Ka riƙe kwafin kowace takarda.

Mafi yawanmu ba mu da asurans ko kaɗan. Mu sai mu dubi abin da muka saba. Akwai adashi. Akwai asusun Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991 tare da ƙungiyar CARE: mata suna zubi kowane mako, mai bukata ta ci bashi ta biya sannu a hankali. Akwai gudummawar dangi. Muna yin ta domin biki da suna ba tare da kunya ba, to kunnen yaro bai fi buhun goro ba? Akwai zakka. A manyan asibitoci akwai ofishin taimakon marasa ƙarfi, a je da takardar awo da ta farashi. A tuntuɓi ƙungiyar kurame ta ƙasa da makarantun kurame na Yamai, Maraɗi da Damagaram. Su ne suka fi saurin jin labari in masu ba da taimako sun zo. In an ba ka kyauta, ka tambayi inda za ka riƙa samun pil da roba, in ba haka ba bayan wata biyu tana cikin kwalla.

In kuɗin bai kai na kunne biyu ba, ka gaya wa likita gaskiya. Biyu sun fi, amma shi zai faɗa maka kunnen da ya kamata a fara da shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ƴan na'urorin kasuwa da ake sayarwa kusa da rediyo da tocila. Ba a auna su da kunnen ɗanka ba. Suna ƙara kowace ƙara, har suna iya lalata ɗan jin da ya rage.

Akwai kuma yaron da jinsa ya tafi ƙwarai, na'ura ba za ta yi masa amfani ba. Wannan kada a sayar da gona dominsa. A koya masa maganar hannu da wuri, uwa da uba da ƴan'uwa su koya tare da shi, a sa shi makaranta.

Wanda Allah ya hore wa ya saya, ya kula. A cire ta lokacin wanka da barci. A share ƙura, musamman da hunturu. A ɗaure ta da zare a wuyan riga domin kada ta faɗi a wurin wasa. Pil kuwa a ɓoye shi nesa da yara, domin haɗiye shi haɗari ne babba. In hakan ta faru, a ruga asibiti nan take, kada a jira gari ya waye.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.